Waɗanda Suka Ce Sun Yafe wa Kakana

Muna cikin darasin lissafi ranar Laraba aka kira ni ofishin shugabar makaranta. Na tarar da Kawu Bala a tsaye, idanunsa jawur. Ya ce, "Ɗauko jakarki, kakanki ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Kakana ya shiga sojan ruwa tun yana saurayi. Ya yi aiki a Legas da Fatakwal da Kalaba, har ya zama babban hafsa mai jagorantar jiragen yaƙi. Da ya yi ritaya ya dawo Unguwar Dosa, gwamnati ta ba shi shugabancin kwamitin gyaran magudanan ruwa. Da damina yakan naɗe ƙafar wando ya shiga kwata da kansa. Yakan ce mini, "Amarya, ruwa ba ya manta hanyarsa. In aka tare shi, ta ɗakin talaka yake bi."

Abin da ya jawo masa baƙin jini ke nan. Alhaji Sabo na layinmu ya gina shaguna a kan kwalbati, ruwa ya riƙa cika gidajen gangare. Kaka ya gargaɗe shi, ya ƙi ji, sai Kaka ya sa aka rushe shagunan. Daga nan manyan layin suka daina gaishe shi. In ya tsaya a sahu, sai su matsa su bar gurbi. Shekara biyu yana kwance, ko sannu ba su leƙo sun yi masa ba.

Ranar addu'ar uku sai ga su da manyan riguna, sun cika tabarmar gaba. Ina bayan ƙofa na ji liman ya ce a yafe wa mamaci. Alhaji Sabo ya ɗaga murya: "Ni dai na yafe masa, duniya da lahira!"

Na yunƙura zan fita in ba shi amsa. Kakata Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Kul! Ba a faɗa a gidan makoki."

A can na yi shiru, a nan kuwa zan faɗa. Alhaji, me ka yafe? Ka tambayi matan gangare da suka daina kwashe ruwa daga ɗaka da bokiti. Su ma sun zo, a tsakar gida suka zauna suna kuka.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma Allah Ya sanyaya mini zuciya, don har yau ban yafe musu ba.