Gwamma Mai Yi wa Kwamiti Kuka

Gwamma mai daddawa, a wani ƙauye na Gammo, ba ta taɓa shiga ofishin gwamnati ba. Gwamnati ce ke zuwa wurinta. Tun daminar da kwalbatin bakin garinsu ya rufta, ruwa ya tafi da ɗanta Abdulmuttalib har da babur ɗinsa, duk kwamitin binciken da aka turo, mai unguwa ita yake aikawa a kira, don ta fi kowa iya kuka a gaban baƙi.

Mutanen garin kuwa ba sa barin baƙo ya wahala. Da sun ji kwamiti na tafe sai su yi gayya, su cike ramin kwalbatin da ƙasa da duwatsu, kada motocin manya su maƙale. Manya su wuce sumul, su ci kaji, su saurari Gwamma, su koma Kano su ce hanya lafiya lau. Ruwan sama kuma ya sake kwashe cikon. A zuwan kwamiti na uku, har ita aka sa ɗiban yashi.

Bana wata ɗalibar jami'a, Hanna Jang, ta zo bincike kan darasin da hukuma ta koya daga abin. Gwamma ta ba ta labarin tana ɓarar kalwa, idonta a bushe. Mai unguwa na tsaye yana kallo.

"Inna, gobe akwai kwamiti, amma ki huta," in ji shi. "Matar Ahnaf za ta yi. Nata mijin makon jiya aka tsamo gawarsa daga ramin, hawayenta bai ƙafe ba."