Jan Mansakun Tsoho Tsuneo

Shekara arba'in da ɗaya Tsuneo ya yi yana yi wa itatuwa aure a lambun wani attajiri a garin Angyo. Duk auren da ya kama, da sunan mai lambu ake sayar da itacen. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka sayar da filin aka malale shi da kwalta don ajiye motoci, abin da ya fito da shi wuƙarsa ce da reshe guda na mansaku, ɗan itacen nan da ke fure a ƙarshen sanyi tun ganye bai fito ba.

Mansakun kowa rawaya ne. Nasa ja ne wur, shi ya tsinto shi cikin dubban tsiro, babu irinsa ko'ina. Sai dai itacen rago ne, don haka ya aura shi a kan gindin mansakun daji a bayan gidansa. Gindin daji kuwa bai san amana ba. Kullum sai ya turo 'ya'ya daga ƙasa, Tsuneo na bi yana tsigewa.

Kwatsam shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi asibiti shekara ɗaya da rabi. Surukinsa Noboru, ma'aikacin banki mai son a yaba masa, ya ɗauki almakashi ya shiga lambu.

Ranar da aka sallamo tsohon, Noboru ya ja shi bayan gida. "Baba, zo ka ga aiki! Itacenka har ya fi ni tsawo. Wani ƙanjamammen reshe ne a tsakiya yake cinye masa abinci, tun bara na datse ɗan banza."

Rassa miƙaƙƙu, fure fal, rawaya duka. Tsuneo ya tona gindin da sandarsa. An yanke ƙasa da tabon auren, ko idon toho ɗaya na jan ba a bari ba. Ya juya ga Noboru.

"Ina reshen?"

"Ai masu shara sun kwashe."

Harue, 'yar Tsuneo, ta taɓa mahaifinta. "Haba Baba, fure ai fure ne. Yi masa godiya mana, duk hutunsa a nan ya ƙare."

Tsuneo ya dubi hannunsa na dama, wanda ba zai ƙara riƙe wuƙa ba. Sannan ya rusuna, irin rusunawar da ya yi wa mai lambu shekara arba'in da ɗaya.

"Sannu da aiki," in ji shi.