Sakatariyar da Ta Koma Ƙaramar Lauya

Shekara ashirin da uku ta yi a teburin bakin ƙofa, a wani ofishin lauyoyi da ba ruwansu da shari'ar gado ko ta kisa, sai harkar kamfanoni: wannan zai sayi wancan, wancan zai ba wannan hayar rumbun ajiya. Ta shigo tana budurwa, lokacin da ake aiki da tafireta, kuma har kwamfuta ta zo, tafireta ta zama tsohon yayi, sunan da aka laƙaba mata bai sake ta ba. Anti Tafireta, haka kowa ke kiranta, har da Babban Lauya mai ofishin.

Yarjejeniyoyin da suka bi ta yatsunta ba sa ƙirguwa. Takan gane an tsallake layi tun kafin wanda ya rubuta ya farga. Wata rana ta nuna wa wani lauya irin wannan kuskure. Ya gyara, amma ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ke dai buga abin da aka ba ki." Da ta koma gida sai ta gaya wa mijinta, mai gyaran firiji, cewa za ta yi karatun lauya.

Ya dube ta sama da ƙasa. "Da wannan furfurar?"

"Ai a waje ta tsaya, ba ta shiga ciki ba."

"To, Allah ya taimaka. Kada dai ki fara da kai ni ƙara."

Shekara bakwai abin ya ci. Akwai jarrabawar da ta kayar da ita har sau biyu. Ita da 'yarta ta fari kan baje littattafai a tabarma ɗaya, kowa da nata. Tana da shekara arba'in da shida ta kammala, Babban Lauya ya ɗauke ta a matsayin ƙaramar lauya.

Ranar farko ƙafarta ta kai ta tsohon teburinta, har ta ajiye jaka, sai ta ga sabuwar sakatariya ta miƙe a rikice. Ta ɗauki jakarta ta wuce ɗakin ƙananan lauyoyi: tebur huɗu a matse, taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta, da abokan aiki uku da duk ta haife su. Wanda aka ce zai riƙa duba aikinta kuwa wani lauya ne mai suna Dogo. Shekara goma da suka wuce ita ta koya masa jera takardu a fayil, ita ta ɗinke masa maɓallin kwat ranar da zai fara zama da manyan baƙi.

Aikin farko da ya ba ta na wani ɗan kasuwa ne mai sayar da takardu da littattafan rubutu, yana son hayar rumbu na shekara biyar. Irin wannan yarjejeniya ta haddace ta kamar sunanta. Cikin awa biyu ta gama. Dogo ya karanta, ya ce, "Ya yi, Anti. Sannu da ƙoƙari."

Bayan kwana uku fayil ɗin ya biyo ta teburinta, ta buɗe. Abin da aka aika wa ɗan kasuwar ba nata ba ne. An sauya wurare da dama, amma ɗaya ne ya tsaya mata a wuya. Ita ta rubuta cewa gyaran rufi yana kan mai haya. Haka ta saba bugawa, domin yawancin masu zuwa ofishin masu rumbuna ne. Wannan karon kuwa mai hayar ne nasu, kuma kayansa takarda ce. Da rufi ya yi yoyo, da da hannunta ta ɗora masa asarar.

Kuskuren ya yi mata ciwo, amma ba kamar yadda aka ɓoye mata shi ba. Ta tashi ta ƙwanƙwasa ƙofar Dogo.

"Me ya sa ka ce ya yi?"

Ya sosa ƙeya. "Anti, da wane ido zan ja miki jan biro?"

"Da idon da kake ja wa sauran. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ji kunyata yau, gobe a gaban baƙi zan sha ta."

Ya nuna mata kujera. Ya jawo takardarta ta farko daga aljihun tebur, ya cire murfin biro.

"Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, Anti, wa muke wa aiki? Me yake tsoro?"

A nan ta gane cewa shekarun nan duka kalmomin ta sani, ba ta taɓa zama da mutumin da za su kare ko su kayar ba. Awa ɗaya suka yi. Ta fito da takarda ja-jawur, kamar an yanka kaza a kanta, abokan ɗakinta suka sunkuyar da kai. Ita ce ta ɗaga ta sama ta ce, "Wa ya taɓa samun wadda ta fi wannan?" Ƙaramar cikinsu ta buɗe jaka ta zaro tata. Daga ranar suka daina yin tsit in ta shigo.

Bayan wata takwas aka tura ta ita kaɗai ta zauna da lauyan wani kamfani a kan kwangilar jigilar kaya. Abu uku ta je nema, ta samo biyu. Na ukun ta yi sakaci ya kuɓuce, kuma da bakinta ta faɗa wa Dogo tun kafin ya tambaya.

Har yanzu ita ce ƙarama a ofishin, ita ke ɗaukar fayil in za a fita. 'Yan'uwanta kan tambaye ta ko ba ta makara ba. Takan ce ta makara mana, ba za ta taɓa kai matsayin Babban Lauya ba, ta san da haka tun kafin ta fara. Makon jiya aka ajiye mata fayil a kan inshorar kayan da ke tafiya a jirgin ruwa, abin da ko a tafireta ba ta taɓa bugawa ba. Ta karanta shafi uku ba ta fahimci komai ba, sai ta jawo kujerarta kusa da ƙaramar ɗakin ta ce, "'Yata, in kin samu sarari, fara min daga farko."