Gautar Umma a Bayan Gidanmu

Wata Asabar ta ƙarshen wata, cikin bazarar 1986, na farka na ji ƙarar fartanya a bayan gidanmu na unguwar Abakpa. Ranar tsaftar gari ce, ba mai fita sai an gama shara, kuma Baba, wanda akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ba ya wasa da doka. Na fito ba takalmi na tarar ya kusa gama nome lambun Umma.

Lambu dai sunan girmamawa ne. Wani lungu ne tsakanin rijiya da katanga, inda kabewa ta hau kan wake, wake ya hau zogale, ciyawa ta cike sauran, ga gauta uku a tsakiya, irin da Umma ta zo da shi daga ƙauyensu. Shekara guda ke nan da rasuwarta. Ba ni da wa ba ni da ƙane, Baba kuma sai yamma, shi ya sa in na dawo makaranta na wanke kwanuka, can nake tarewa in ba gautar ruwa. 'Yan matan layinmu suna carafke da 'yar gala-gala a waje, ni ina tsugune da gilashin tsohon tabarau ina leƙen bayan ganye. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai a shekarar nan.

A bayan ganyen akwai wasu jajayen ƙwari, ƙanana kamar garin barkono, masu tsotse ganye suna saƙa irin ta gizo-gizo. Akwai kuma wasu farare-farare masu sauri da ke farautarsu. In farauta ta yi zafi, jajayen su bi zare su sauka kan wake, ko su ɓuya cikin ciyawa. Kafin mafarautan su gano su, sun hayayyafa a wani wurin. Ba wanda ya ƙare wani, gauta kuma tana ta 'ya'ya. Umma takan ce, "Ku bar mini dajina, ya san abin da yake yi."

Baba bai taɓa gautar ba. Ya share komai ya bar su uku tsaye tsaf, ya ce, "Ga shi, uwata, yanzu za su sha iska." Da farko har murna na yi, don jajayen sun rasa maɓoya, mafarautan suka cinye su ƙarƙaf. Sai su ma yunwa ta kashe su. Da iska ta kawo sababbin jajaye daga maƙwabta, babu mai tare su. Ganye ya yi rawaya, saƙa ta lulluɓe shi, ina ta ɗebo ruwa a banza. Kafin ruwan farko gautar ta bushe, ko iri ban samu na ajiye ba. Baba ya daɗe tsaye a kanta, sannan ya ce a hankali, "Garin neman gira mun rasa ido." Ban taɓa jin haushinsa ba, don na ga idonsa ranar.

Yanzu an shafe wurin da siminti, mota ce ke kwana a kai. Ina sayen gauta a kasuwa kamar kowa, manya masu sheƙi, in ɗanɗana in ajiye. Har yau ban ci mai ɗacin ta Umma ba.