Sha huɗun Baban Nana

'Yan uwa, yau saura kaɗan in maida mijina ɗan kabu-kabu, mai haya da babur!

Kun san Baban Nana na shirin jarrabawar shiga lakwal, wato makarantar kasuwanci. Da safe sakamakon gwaji ya shigo wayarshi, na leƙa, na ga 14. Maƙwabciyata 'yar Sakkwato ta ce, "Sha huɗu? Ɗana sittin ya ci, aka ce bai kai ba." Na kwashe littattafanshi, na aje mishi makullin babur, ya je ya yi haya.

Ya shigo ya yi ta dariya. "Maman Nana, can Sakkwato bisa ɗari suke ƙirga, nan bisa ashirin. Sha biyu ake nema."

Na fizge makullin, na goya Nana, muka nufi Tsarnawa gidan Inna. Kukan Nana ba zai hana shi karatu ba, kuma makullin na hannuna sai ya ci.