Shirun da Baba Ya Koya Mana a Gonar Saji

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sabo na Saji, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, a aji huɗu na tsaya, don haka ku yi haƙuri da yadda zancen zai zo. Duk shekara in lokacin ya zagayo addu'a nake masa, in yi sadakar ƙosai. Bana kuwa na ga ya kamata in yi godiya a gaban jama'a, saboda wani abu da ya bar mini ban san ya bari ba.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a Kano yana ɗaukar wa masu wasan golf jaka. Wasa ne da ake bugun 'yar ƙwallo fara da sanda mai kan ƙarfe, a bi ta a ƙafa har a jefa ta rami. Da gwiwa ta fara damunsa sai ya dawo gida noma, ya zo da tsohuwar jaka, da sanduna uku, ɗaya ma a lanƙwashe, da ƙwallayen da suka yi ja don tsufa. Mutanen gari suka sa wa abin suna ƙwallon rami. In an cire gyaɗa an kwashe dawa, sai ya share gefen gonarmu ya haƙa ramuka, ya nutsa gwangwanin madara a kowanne, ya ɗebo yashin rafi ya baza kewaye, ya kafa kara da tsumma a kai. Inna takan leƙo ta ce, "Malam, mutane na binne iri, kai kana binne gwangwani." Shi dai murmushi yake yi.

Bugun bai dame shi ba kamar ladabin wurin. In sandarka ta tono ƙasa, ka mayar ka taka. In ka gama da rami, ka ja buhu a kan yashin ka shafe sawunka, don na bayanka ya tarar da shi sumul. In shanun Fulanin rugar bayanmu suka shigo cin kara, ba mai bugu sai ɗan maraƙin ƙarshe ya wuce. Babbar dokar kuwa ita ce: in mutum ya tsaya a kan ƙwallonsa, kowa ya yi tsit. Ba magana, ba motsi, ko inuwarka kada ta faɗa gabansa, komai daɗewar da zai yi.

Ni ce auta, kuma tun ina ƙarama jikina rawa yake in an zuba mini ido. Ranar da Baba ya fara miƙa mini sanda, yaran unguwa sun cika wurin. Na ɗaga na kai bugu, na sami iska. Na sake, na tono ƙasa ta watsu mini a fuska. Yayana Habu ya fashe da dariya ya ce, "Baba, wannan ai kaftu take yi, a ba ta fartanya." Baba bai ɗaga murya ba. Ya karɓi sandar hannun Yaya, ya nuna masa gindin ɗorawa ya ce ya je ya zauna. Sannan ya ce da sauran, "A filin da na yi aiki, wanda ya shekara ashirin yana bugu da wanda ya zo jiya, shiru ɗaya ake musu." Ya juyo gare ni. "Auta, ba inda za mu. Rana ma jiranki take."

Ban san sau nawa na kuskure ba. Abin da na riƙe shi ne shirun: kukan kurciya, ƙarar kara a iska, da Baba tsaye ya harɗe hannu a baya, bai gyara mini tsayuwa ba, bai yi tsaki ba. Da na samu ƙwallon, ko tsawon tabarma ba ta yi ba. Ya ce, "Madalla. Yanzu mayar da ƙasar da kika tono."

Yanzu ina aure a Fammar, ina da 'ya ɗaya, Safiyya, wadda aka haifa bayan rasuwarsa. Yarinyar tana da in'ina. In za ta ce ruwa, sai ta maƙale a farkon kalmar, ta runtse ido, wuyanta ya ɗaure. Gidanmu babba ne, kowa da aikinsa, kuma kowa na sonta, shi ya sa kafin ta ƙarasa an ƙarasa mata. Ni ma haka nake yi, don ba na iya kallon wahalar da take sha. Wata ta ce a karɓo rubutu, wata ta ce zai wuce da kansa. Ni kuwa na lura da abin da ya hana ni sukuni: tun da ta shiga Islamiyya yara suka fara kwaikwayonta, Safiyya ta rage magana. Sai nuni da yatsa. In ta so tuwo ta nuna tukunya. Har ta kai yini guda ban ji muryarta ba. Tsorona kada wata rana ta rufe bakin gaba ɗaya.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu samari a waya suke kallon wasan nasa, filaye kore shar, suna tura hoton gaba da yatsa in mai bugun ya daɗe bai buga ba. Mai babur na danna maka oda tun kafin ka ɗaga ƙafa. Gaisuwa ma a tafe ake yin ta. Ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne. Ina jin dai zai tambaya, ina ne haka ake saurin zuwa?

Bayan girbin bana na je Saji gaida Inna. Rabin gonar yanzu Yaya Habu tumatir yake yi a ciki, amma ya ce garma ta tono masa gwangwani ɗaya, ya kasa yar da shi, ya mayar inda yake. Jakar na nan rataye a ɗakin Inna, ɓera ya ci gefenta. Da la'asar yaran Yaya suka ɗauko ta, muka fita tare. Safiyya ta tsaya bayana tana kallo, can sai ta nuna sandar nan lanƙwasasshiya.

Aka miƙa mata, ta kai bugu ta sami iska. Babban ɗan Yaya ya buɗe baki zai yi dariya, sai na ji muryar Yaya Habu, mutumin da aka taɓa kora gindin ɗorawa saboda ni. "Kai, Malam, ka ga ɗorawar can? Na san zamanta, ba daɗi." Wuri ya yi tsit. Hannuna na ƙaiƙayi in je in riƙe mata sandar, sai na harɗe su a baya kamar yadda Baba ke yi. Ta yi ta fama har ƙwallon ta gangara. Ba wanda ya ce ta yi sauri.

Da muka kai ramin, ta tsuguna tana leƙen gwangwanin da ya yi tsatsa. Ta ɗago ta dube ni, leɓenta ya fara rawa. Na san abin da za ta tambaya, kalmar na kan harshena. Na haɗiye ta. Yaya ya tsaya, yaran suka tsaya. Ta runtse ido, ta maƙale, ta saki, ta sake kamawa. Ta daɗe ƙwarai. Sannan ta ce, "Umma, wa ya haƙa ramin nan?" Ita ta faɗe shi da kanta, tun daga farko har ƙarshe.

Ba zan ce in'inar ta tafi ba, tana nan, kuma mun sa ranar kai ta asibiti a duba. Amma da na koma Fammar na roƙi surukata da matan gida alfarma ɗaya: in Safiyya ta fara magana, a ajiye muciya a saurara. Hajiya, surukar tawa, ta ce, "To, tuwo ya yi ta ƙonewa ke nan." Amma ita ce ta fara ajiyewa, kuma yanzu ita ke tsawata wa mai katse yarinyar. Safiyya ta koma surutu, a hankali, da tuntuɓe, amma tana yi.

Baba bai bar mana gida a birni ba, kuma cikinmu ba wanda ya zama gwanin golf. Sandunan sun yi tsatsa, ramukan sun cike sai ɗaya. Abin da ya rage shi ne wannan tsayuwar, hannu a baya, baki a rufe, har mai rauni ya gama. Na gode, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya yi maka haƙurin da ka yi da mu.

Ran nan a gona na ba Safiyya amsa, na ce kakanta ne ya haƙa ramin. Ta gyaɗa kai. Da za mu tafi, na nuna mata wani tsohon buhu, ta ja shi a kan yashin da hannu biyu, ta shafe 'yan sawunta, don wanda zai zo bayanta.