Mun Kai Giɓi da Wushirya Legas

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu Bagadaza a Gombe, ni da taubashina, muka nufi tashar jirgin ƙasa. Haƙoransa na sama sun turo waje tun yana yaro, ga shi an kusa tura shi koyarwa, kun kuma san bakin 'yan firamare. Wani malamin asibiti maƙwabcinmu ne ya ce a Legas likitoci na binciken ƙashin muƙamuƙin sama, wanda suka zaɓa za su ɗaure masa haƙora da waya su miƙe, kyauta. Ni kuwa dama ina da wani tsohon littafin haƙori mara bango, na kusa haddace shi, har ana tsokanata da Dokta. Ni na zuga shi.

Jirgin ba ya sauri, amma yana ciyar da mutum. Fura a Bauchi, doya da manja a Kafanchan. Sabuwar nairar nan ta ruɗa kowa, mai ƙosai tana cewa kwabo, hannunta yana lissafin sule. Da muka zo ƙetare kogin Kwara a Jebba na leƙa taga, na yi maza na janye kaina.

Legas kuwa, jama'a, motoci sun fi hanya yawa. Gada a kan gada. Jiragen ruwa cike da siminti sun yi layi a teku kamar masu jiran awo. Kuɗin kwanon shinkafa ɗaya sai ya ciyar da gidanmu yini guda.

A asibitin wata nas da ta girma a Sabon Garin Kano ce ta yi mana tafinta. Ashe zaɓen ba wai wa ya fi buƙata ba ne. Sai matashi mai cikakkun haƙora, dasashi ba ya jini, ba a taɓa cire masa ko ɗaya a sama ba. Aka yi masa hoton ƙashi. Likita ta ɗaga shi a hasken fitila ta nuna wani giɓi can ciki, inda wanzami ya cire masa turmin haƙori yana yaro. Ta ce inda babu haƙori ƙashi zaizayewa yake yi, nasa zai ɓata musu awo. Wallahi littafina bai faɗi wannan ba.

Na buɗe baki ina roƙo, sai ta tsaya tana kallon bakina. Aka duba ni, aka ce ni na dace, za su toshe mini wushiryata. Wushiryar da mata ke tsayar da Innata a hanya su yaba. Wai a wurinsu nakasa ce.

Taubashina ya ce, "Dokta, karɓi mana. Ni aka kawo kasuwa, kai aka taya."

Na ce wa likita a'a, na gode. Daga nan muka kamo hanyar gida.

Mun iso Gombe da la'asar, ƙura har cikin kunne. Abin da na koyo, don Allah ku yaɗa: haƙori ba a fatar baki yake ba, a ƙashi yake, kada ku yi saurin kai yaro a cire masa. Goggo, mahaifiyarsa, ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce ita ta riƙe masa kai ranar da aka cire.